Aljihun da Aka Ɗinke

Daga bakin aljihu abin Baba ya fara. Tela ne da ba a taɓa dawo masa da ɗinki ba, sai ga shi wata rana ya ɗinke wa mutum aljihun wando ruf, har ya goge ya ninke. Aka yi ta dariya a shago, Auta ma ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Lokacin Baba ko hamsin bai cika ba. Ba a jima ba ya manta yadda ake zura zare a allura, daga baya ya manta 'ya'yansa biyu, Yaya da Auta, ya koma ce musu "bawan Allah". Haka mahaifiyarsa ta ƙare, haka ƙanwarsa.

Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce irin wannan mantuwar gadonta ake yi, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Akwai gwajin jini, amma babu magani.

Yaya ya ce, "To in na sani, me zan yi da sanin?"

Suka koma shago, kowa ya hau keken ɗinkinsa.

Bayan rasuwar Baba, Auta ya fassara rabi da rabin nan yadda ransa yake so: su biyu ne, ɗaya zai ɗauka, kuma ai Yaya ne babba. Lissafin banza ne, shi ma ya sani, yana kuma jin kunyar kansa, amma da shi yake samun barci. Sai ya tsiri wata ɗabi'a. Da Yaya ya fita cin abinci, sai ya bi kayan da ya ɗinka yana zura hannu a aljihu ɗaya bayan ɗaya, kamar ɓarawon kasuwa. Kullum a buɗe yake samunsu. Ya yi ajiyar zuciya, can kuma ya tuna in ba Yaya ba ne, to shi ne.

Wata safiya ya yi sammako, ya tarar shago a buɗe. Yaya na zaune da reza, ya sunkuya kan wani wando ruwan toka yana farke bakin aljihu a hankali.

Yaya bai ɗago ba ya ce, "Ɗinkina ne. Jiya hankalina na wani wuri."

Auta ya matsa kusa. Keken Yaya ɗinkinsa ƙanana ne, na Auta kuwa tsalle yake yi, kowa a layin ya san wannan. Ɗinkin wandon nan mai tsalle ne: Auta ne ya yanka, shi ya ɗinka, shi ya goge. Ya laluba cikin kansa ko zai tuna lokacin da ya rufe aljihun, bai samu komai ba.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Kowa na kuskure, Auta."

"Haka muka ce wa Baba. Tun yaushe kake riga ni zuwa?"

Yaya ya hure guntayen zaren da ke cinyarsa. Idanunsa sun yi ja.

Tsoro ya kama Auta. Babu wanda zai kai wa ƙara, babu abin da zai gyara. Ya zauna a kekensa don bai san wani wurin zama ba. Ya ja zare, ya lashi bakin zaren, ya kai kusa da allura. A bayansa ya ji rezar Yaya ta tsaya.