Hannun Safara'u

Safara'u ba maƙaryaciya ba ce. Duk layinsu a Ƙofar Marusa an san ko gishiri ta manta a miya, ita za ta fara faɗa kafin a ɗanɗana. Amma tun da mijinta Sammani ya zamo daga kan wani bene a Ƙofar Kaura yana kafa faifan sola, ƙashin bayansa ya karye, daga ƙirji zuwa ƙasa ya daina motsi, ta zama wata mace daban, mai kasa kunne a barandar asibiti.

A can ta ji labarin binciken. Wata likita mai suna Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a Katsina har Hausarta ta koma ta gari, tana gwada wata na'ura mai tura wutar lantarki kaɗan-kaɗan cikin naman cinya, a ga ko za ta taimaka wa masu irin wannan rauni. Sai dai ba kowa ake ɗauka ba. Wata mai jinyar ƙanenta ta raɗa mata cewa wanda ƙafarsa ba ta jin komai sallamarsa ake yi. Ba ta faɗi dalili ba, ita ma Safara'u ba ta tambaya ba.

Ranar tantancewa aka ɗaure wa Sammani idanu da ƙyalle. Ya tsorata, ya ce a bar matarsa kusa. Likita Rifkatu mai tausayi ce, ta ce ba komai, Safara'u ta riƙe masa hannu. Likitar ta ɗauko allura tana taɓa shi daga kafaɗa tana gangarowa. A sama yana amsawa da sauri. Da aka wuce ƙirji sai ya yi shiru. Allurar ta sauka kan cinya, likita ta ce, "Malam Sammani, ka ji?"

Babban yatsan Safara'u ya danna tafin hannunsa. Wallahi ba ta shirya ba, yatsan ne ya riga ta.

"Na ji," in ji Sammani.

Haka aka bi ƙafar har gwiwa, allura na sauka, yatsa na dannawa. Likita ta yi murmushi ta ce an ɗauke shi. Aka jefa ƙuri'a tsakanin masu motsa jiki kawai da masu na'ura, ya faɗa cikin masu na'ura. Dangi suka yi ta barka kamar an yi haihuwa.

Abin da ya hana Safara'u sakat shi ne ba su taɓa tayar da maganar ba. Duk wanda ya zo dubiya sai Sammani ya ce masa, fuska a sake, "Ai ƙahwar ta hwara dawowa, allura ma ina jin ta." Ta kalle shi ta rasa gane ko rufa mata asiri yake, ko kuwa shi kansa ya yarda. Tana tsoron ta tambaya ya ce mata da gaske yake.

Makon farko wutar kaɗan ce, naman cinyar yana ɗan rawa, shi ke nan. A mako na biyu, da hantsi, likita ta manna faifan roba biyu a cinyarsa, ta jawo kujera ta zauna.

"Yau za mu ƙara ƙarfi," ta ce. "Malam Sammani, kai ne birkinmu. Da ka ji zafi ka ce in tsaya. Shi ya sa ba ma ɗaukar wanda ba ya ji. Wutar za ta iya ƙona shi bai sani ba, ko jininsa ya hau farat ɗaya, abin ya zo da ƙarar kwana."

Safara'u ta dubi na'urar. Ashe dalilin ke nan. Ita duk a zatonta ƙyashi ne irin na 'yan boko, su zaɓi wanda ya kusa warkewa don a ce aikinsu ya yi kyau.

Likita ta murɗa makunnin na'urar. Cinyar ta motsa.

"Da zafi?"

"Babu."

Hannunsa na cikin na Safara'u, a buɗe. To yanzu yaushe za ta danna? Allura tana ganin saukarta, amma wuta ba a ganinta. In ta danna da wuri, bai sami maganin ba. In ta makara fa? Ta zuba wa yatsun likitar ido suna ƙara murɗawa.

"Yanzu fa?"

"Ƙara dai, Likita," ya ce, har da 'yar dariya. "Ni da nike aikin wuta."

Sai ta ga gumi. Ya tsattsafo masa a goshi, ya gangaro wuya, alhali fanka na juyawa. Idanunsa sun kaɗa. Ya ɗan runtse su irin na mai ciwon kai, ya sake buɗewa yana murmushin nan da ya ƙi barin fuskarsa. Ta san in ta yi magana an cire shi, kuma abin da yake faɗa wa 'yan dubiya ya ƙare ke nan. Ta danna tafinsa da ƙarfi. Ta sake dannawa, har farcenta ya shiga. Ya ji sarai, amma ya yi kamar ba shi ba, ya ƙi cewa a tsaya.

"Likita, kashe!" Muryarta ta fito har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. "Don girman Allah kashe! Ba ya jin komi. Ni ce. Ranar allura ni ce nike danna mashi hannu."

Likita Rifkatu ba ta tsaya tambaya ba. Ta kashe na'urar, ta ɗaga kan gadon ya zauna, ta ɗaura masa abin awon jini. Da ta ga abin da ya nuna, ta aika a kawo magani da gudu. Sannan ta ɓare faifan robar. Ƙarƙashinsu fatar ta yi ja, gefe guda ta tashi kamar an ɗiga mata tafasasshen mai. Sammani ya kalli wurin kamar cinyar wani ce.

Sai da gumin ya tsaya, jinin ya sauka, likita ta juyo. Ta dubi Safara'u, ta kira ta da sunan ɗanta.

"Maman Umair, da kin ƙara jinkiri, ban san me zan ce wa danginsa ba. Amma ni na ce ki riƙe shi. Daga yau ba mai jinyar da zai zauna a ɗakin gwaji, kuma duk waɗanda na ɗauka sai na sake gwada su."

Safara'u ta kasa ɗaga kai. Sammani ne ya yi magana, a hankali.

"Likita, ki sake gwada ni. Na rantse akwai wurin da na ji. Nan wajen gwiwa."

Washegari aka sake. Aka fitar da Safara'u baranda, ta tsaya jikin taga ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Tana ganinsa kwance, ƙyalle a idanu, hannunsa na dama a buɗe kan zanin gado, babu kowa a gefen. Likita ta fara daga ƙasan ƙirji, ba tare da ta sanar da shi ba. Ta gangara ciki, ta bi cinya, tana kauce wa bandejin ƙunar. Duk saukar allura sai yatsan Safara'u ya danna ƙarfen taga. A gwiwa likita ta daɗe, ta taɓa nan, ta taɓa can, ta koma ta sake. Ta sauka har tafin ƙafa, sannan ta miƙe tsaye da allurar a hannu.

Sammani ya juyo da kai wajen da yake zaton take.

"Likita," ya ce, "na shirya. Ki hwara."