Ƙuri'ar da Malachy Ya Kaɗa

Shekara ashirin da uku yayana Malachy Tuohy ya yi yana wakiltar yankinmu a majalisar Dublin, babban birnin ƙasarmu Ireland. Asalinsa malamin firamare ne, bakinsa ne ya kai shi can. Ranar Lahadi da an fito daga coci sai ya hau bayan motar dakon madara ya kama magana, manoma na tsaye cikin yayyafi, ba mai motsi. Shi ya kawo wa ƙauyuka bakwai ruwan famfo, wannan ko maƙiyansa ba sa musu.

Ƙanenmu Fergal kuwa shi ne shugaban tashar jirgin ƙasa ta Kilbarrin, aikin da babanmu ya bari. A gidan tashar aka haife mu mu uku.

Shekarar da aka ba Malachy ƙaramin minista, gwamnati ta kawo shawarar rufe layin dogonmu, wai fasinja sun yi ƙaranci. Da kujera biyu kacal gwamnatin ta fi 'yan adawa. Ran Lahadi kafin a kaɗa ƙuri'a muna gidana muna cin dankali da naman tunkiya, sai Fergal ya ajiye cokali, ya dubi Malachy.

"Yaya, ina za ka jefa taka?"

"Ko na ƙi, wata gwamnatin za ta rufe shi. In kuwa ina ciki, ko masana'anta na samo wa garin nan."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ban yanke ba tukuna. Ci abincinka, yana hucewa."

Ran Laraba Malachy ya bi jam'iyya, ya kaɗa ƙuri'ar rufe layin. Bayan wata huɗu jirgin ƙarshe ya bar Kilbarrin da shanu tara da fasinja biyu. Fergal ya ɗaga masa tuta, ya kulle ofis, ya aika wa Malachy makullan ta gidan waya, ko takarda bai sa ba. Kafin Kirsimeti ya kwashe iyalinsa zuwa Birmingham ta Ingila, ya zama kwandastan bas.

Masana'antar ta zo, ta ɗinkin riguna, ta yi shekara shida ta rufe. Kujerar ministan ko shekara biyu ba ta kai ba gwamnati ta faɗi. Malachy ya ci zaɓe uku bayan nan, a na huɗu wata matashiyar lauya ta kayar da shi.

Wata safiya ya zo gidana, ya ƙi zama. "Nuala, raka ni Ingila. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Muka hau jirgin ruwa muka tafi. Fergal ne ya buɗe mana ƙofa, kansa ya yi fari fat.

"A'a, mai girma minista da kansa? Da an sanar da mu ai da mun share titi."

Ya dafa shayi. Malachy ya daɗe yana juya kofi kafin ya ce, "Na yi kuskure, Fergal."

"Da tashar ce kawai, da tuni na haƙura. Ƙarya ka yi min a gidan Nuala."

"Haka ne. Tun ran Juma'a na yi wa jam'iyya alkawari."

"Na sani. A fuskarka na gani."

Daga nan suka koma hirar waɗanda suka mutu da gonakin da aka sayar, har Fergal ya yi dariya sau ɗaya. Da za mu tafi ya ce zai zo gida da bazara ya ga kabarin iyayenmu.

Bai kai bazarar ba. A watan Fabrairu zuciyarsa ta tsaya, muka sake hawa jirgin ruwa. 'Ya'yansa suka ce a can za su binne shi, kusa da su. Sun gaida Malachy da ladabi, kamar yadda ake gaida baƙo. Babbar cikinsu, wadda Malachy ya taɓa ɗauka a kafaɗa tana ƙarama, sai da ta ja ni gefe ta tambaye ni ko shi wane ne.