Ciyawar da Mahaifina Ya Tumɓuke

Da aka ɗora mini alhakin zaɓen irin da za a shuka a gefen sabuwar hanyar garin Kostanay, sai na tafi da mahaifina, Tileubek, gonar masu sayar da iri. Ya zura hannu cikin buhun irin wata farar ciyawa mai gashi, ya ɗebi tazargade daga wani buhun ya murza ya shinshina.

"Ake, wanne zan ɗauka?" na tambaye shi. Ake muke kiran uba a yarenmu.

"Duka, Raushan. Muna yara, farar ciyawar nan tsayinta har tumbin doki yake kaiwa." Ya kakkaɓe hannunsa. "Ni na bi ta da tarakta na tumɓuke don a shuka alkama, aka manna mini lambar yabo a ƙirji. Yau ga ta a buhu, sai an saya."