Bencin Baya na Baba Istifanus

"Baba, kalma ɗaya ce fa," in ji Rifkatu, tana goge wa mahaifinta baki. "Ka ce ka yi kuskure, Fasto ya fidda kai daga horo."

Zuwaira na tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninta da tsohon kafintan nan a Sabon Garin Gusau, kuma ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, sai ko jakin kawunta na Bungudu. Duk da haka son tsohon take kamar uban da ya haife ta.

Ita Musulma ce, amma ta san labarin tun daga tushe. Sabon fasto ne ya ce duk mai bangaskiya ya zubar da maganin asibiti, addu'a ta isa. Baba Istifanus ya miƙe ana tsakiyar sujada a coci ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka aka koya muna ba." Aka sa shi a horo. Ya koma bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasar da masu bi ke rabawa a coci, shekara uku cur. Wanda kuwa ya mutu cikin horo, ikilisiyar ba ta yi masa jana'iza. Abin da ke cin ran Rifkatu ke nan.

"Ɗiyata," tsohon ya ce da ƙyar, "in ce na yi kuskure, gobe wata ta zubar da maganin hawan jininta saboda ni? A'a."

"To da ka bar musu cocin mana," in ji Zuwaira. "Shi kaɗai ne a Gusau?"

"Ni na buga bencin nan, Zuwaira. Na san ba ya girgiɗi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "In na tahi, wa zai riƙa yi ma yaron nan addu'a daga baya? Ƙaryar aka ce mu ƙi, ba mutumin ba."

Yaron nan shi ne Fasto, mai shekara arba'in da tumbinsa.

"Wallahi da ni ce, da na wanke shi tas."

"Shi ya sa ba ke ba ce. Miƙo kunun ga."

Ya sha cokali uku. Ranar Laraba da hantsi ya cika.

Kafin azahar saƙo ya iso daga coci: ba ƙararrawa, ba mawaƙa, kuma kada a ga zanen ƙungiyar zumuntar matan coci a gidan. Rifkatu ta kifa kai a cinyar Zuwaira tana kuka. Sama'ila, mijin Zuwaira, ya kafa rumfa a ƙofar gida, ya jera kujerun aro. Zuwaira ta dubi kujerun nan wayam, zuciyarta na tafasa.

Sai ta ji kiɗan tulu daga kwanar lungu.

Matan zumunta ne, sun fi ashirin, suna tafe a jere suna waƙa ƙasa-ƙasa. Kowacce ta ɗaura zanen ƙungiyar, amma a juye, rubutun ya dushe ta ciki. Suka cika kujerun, wasu suka zauna ƙasa.

Ta ƙarshensu ta tsaya nesa kaɗan, kai a sunkuye, ta rasa inda za ta zauna. Matar Fasto ce, ita ma zanenta a juye.

Zuwaira ta daɗe tana kallonta. Sannan ta matsa gefe, ta kakkaɓe mata tabarma.