Fito a Kan Sin

Duk Bukkuyum an san wushiryar Karima. Mata har cewa suke yi da ana aron haƙora da sun ara ranar biki. Ita kuwa haushinta take ji, domin duk lokacin da ta karanta harafin sin sai iska ta kufce ta tsakanin haƙoran, wani siririn fito ya biyo baya. A gidan kowa wannan ba komai ba ne. Amma Karima ɗiyar Malam Barau ce, mai makarantar allo, ta haddace izu sittin, kuma shekara ɗaya ta rage mata kafin shekarunta su wuce na shiga musabaƙar karatun Alƙur'ani.

Malam ya kai ta Sakkwato. Likitan haƙori ya manna mata ƙananan ƙarafa a kan haƙora, ya ratsa su da siririyar waya, ya ɗaura roba. Ya ce robar za ta riƙa jan haƙoran a kan wayar sannu a hankali har giɓin ya rufe, amma lalle ta riƙa dawowa ana canja wayar.

Faɗa da baki ba wuya. Ba a jima ba 'yan bindiga suka addabi garin Zugu da kewayen Bukkuyum, hanyar Gummi ta zama sai wanda ya yi wasiyya. Damina ta zo ta wuce, waya na bakin Karima. Ta dushe, ta yi wani dafe-dafe.

Inna Maimunatu, mahaifiyarta, mace ce da ba ta iya ganin ƙarfe da dauɗa ta yi shiru. Tukwanenta ma kana iya ganin fuskarka a ciki.

"Buɗe bakin in gani," in ji ta. "Subhanalillahi! Ƙarhen ga tsatsa za ya yi. Mi kika jira?"

"Inna, likita ya ce buroshi da man goge baki kawai."

"Likita shina Sakkwato, ni ina nan. Mu da gawayi da gishiri munka tashi, ga haƙorana nan ko guda bai hita ba."

Ta daka gawayi, ta haɗa da gishiri da ɗan toka. Safe da yamma Karima na dirza da asuwaki, Inna na tsaye a kanta. Kuma gaskiya waya ta yi ƙyalli, har maƙwabta na yabawa. Giɓin ne dai ya ƙi motsi. Karima takan sa harshe ta auna shi bayan kowace salla, ta ce wa kanta ya ɗan ragu. Bai ragu ba.

Da hanya ta yi dama-dama, yayanta Tasi'u ya goya ta a babur zuwa Gummi, suka shiga motar Sakkwato. Likita ya zare wayar, ya shafa ta da yatsa, ya ɗago ya dube ta.

"Da me kike goge wannan?"

Ta faɗa masa. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Ya ce ko ba a taɓa waya ba, in ta daɗe a baki yawu da abinci na cinye santsinta. Ita kuma ta ƙara mata da karce. Haƙori zamewa yake yi a kan waya, kamar guga a kan igiya mai santsi. In wayar ta yi kaushi sai ya cije, duk ƙarfin robar ya ƙare a gogayya. Ya miƙa mata ta taɓa. A ido tana walƙiya, a yatsa kuwa kamar diddige mai faso.

"In an sa sabuwa, zai rufe kafin musabaƙa?" in ji Karima.

"Haƙori ba a yi masa gaggawa," in ji likita.

Ta koma gida da sabuwar waya. Inna ta tambaye ta ko likita ya yaba da tsabta. Karima ta ce ya gani. Me za ta ce wa matar da ta hana kanta hutu don ita? Baƙin cikin bai da inda za a aje shi, sai ta haɗiye abinta.

Ranar zaɓen wakilan ƙaramar hukuma, Karima ba ta yi tuntuɓe a aya ko ɗaya ba. Duk inda alƙalai suka ja mata baƙi sai ta ɗauka ta zarce kamar ruwa. Amma tun daga Bisimilla fiton ya fita, lasifika kuma ta ƙara masa ƙarfi. Aka yi rashin sa'a aka ja mata wurin da sin ya yi yawa. Tana gani alƙalin tajwidi na sunkuyawa da alƙalami yana rage mata maki. Wata yarinya mai suna Sahura, wadda sau biyu ana yi mata gyara, ita aka zaɓa ta tafi Gusau.

A bakin ƙofa Malam Barau ya tarye ta, yana murza carbi bai dubi fuskarta ba.

"Kin yi ƙoƙari, ɗiyata. Baɗi in Allah ya kai mu."

"Baba," ta ce, "kai ka yanka mini ragon suna. Ka san shekaruna."