Dusar Ƙanƙara a Sule Tankarkar

Manu ya zaro bakin fim ɗin daga gwangwani, ya ɗaga shi saitin rana, ya runtse ido ɗaya. Ya daɗe yana dubawa kafin ya ce, "Kaɗo, zo ka nuna mini saniya a nan."

Ilu ya ajiye igiyar da yake warwarewa ya karɓa. A jikin gwangwanin an rubuta da fensir cewa fim ne na rigakafin shanu, kashi na ɗaya. Amma a ƙananan hotunan babu saniya, babu malamin dabbobi. Wani Bature ne mai tumbi yake jan itace zuwa ƙofar gida, ƙasa kuwa fari fat.

"An musanya mana a Kano," in ji Ilu. "Duba ɗayan."

Manu ya buɗe gwangwani na biyu. Shi kam na shanu ne, sai dai daga tsakiya ya fara, da allura a wuyan wani bijimi.

Watan Disamba ne na 1974, saura kwana biyu Babbar Salla, wadda a shekarar ta zo dab da Kirsimeti. Motar majigi ta baro Gumel bayan azahar, ta iso Sule Tankarkar da la'asar. Manu, Bafulatanin da ke tsokanar Ilu da kiransa Kaɗo, shi ne direba, shi ne kuma mai kunna inji. Ilu shi ne mai bayani: ana kashe muryar fim, shi kuma ya riƙe makirfo ya faɗa wa jama'a da Hausa abin da suke gani.

"Sai mu koma," in ji Ilu.

"Mu koma ina? Tun da hantsi Mai Unguwa ya sa aka yi shela. In babu majigi, kai za ka gaya musu. Garinku ne, ba namu ba."

Ilu ya juya. Ya dubi bishiyoyin darbejiya biyu da ake ɗaura farin ƙyalle a tsakaninsu. Taku ashirin a bayansu akwai wani zaure mai dakali. Babu kowa a kan dakalin.

Shekara biyu ke nan bai taka zauren ba. Wata ranar Juma'a a Gagarawa, jama'a sun riga sun zauna, wani mai keke ya zo ya ce masa jikin mahaifiyarsa, Safara'u, ya tsananta. Motar ƙarshe mai zuwa Gumel tana tsaye a tasha. Ilu ya ce bari ya gama tukuna, fim ɗin minti arba'in ne kawai. Kafin ya gama, motar ta tafi, tasu kuma ta ƙi tashi. Da ya iso gida da hantsi, ya haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta. Mahaifinsa, Malam Ɗantsoho, yana zaune a kan dakalin nan. Ya tambaye shi, "An gama fim ɗin?" Ilu ya ce an gama. Tsohon ya ce, "To, nan ma an gama. Koma wurin hotunanka."

Tun daga ranar, duk sa'ad da sunan Sule Tankarkar ya fito a jerin garuruwa, sai Ilu ya yi musaya da abokin aikinsa. Wannan karon abokin ya tafi hutun Salla. Labarin gida kuwa a bakin ƙanwarsa Lauratu yake ji, wadda take aure a Gumel. Ita ta gaya masa cewa bara ragon layya ya ƙwace daga hannun tsohon, ya zaga unguwa da igiya a wuya, don babu mai danne masa ƙafa.

Bayan magariba fili ya cika. Maza sun shimfiɗa buzu da tabarmi a gaba, tsofaffin mata sun tsaya a gefe da farantan gyaɗa, wasu makiyaya da suka kawo raguna kasuwa sun jingina da sandunansu. Matan aure suna cikin gidaje, amma lasifikar da ke kan mota tana kai musu komai har tsakar gida. Manu ya ja igiyar janareta, haske ya tsaga duhun da ya fara sauka, ya faɗa kan ƙyallen.

Abu na farko da aka gani shi ne sararin sama yana zubar da wani farin abu, a hankali, ba ƙara, ba iska. Yana sauka a kan rufin gidaje, a kan kafaɗun masu tafiya. Ƙananan ƙwari da ke yawo cikin hasken injin su ma suka zama farare, har ya zama kamar abin yana fitowa daga ƙyallen yana zuba a kan hulunan mutane. Damina biyu da suka wuce, waɗannan mutane sun yi ta duban sama ba ta ba su komai ba.

"Ɗan nan, garin dawa ne?" in ji Goggo Cindo mai gyaɗa.

"Ƙanƙara ce, Goggo," Ilu ya faɗa ta makirfo. "Tasu laushi gare ta. Jama'a, yau ba shanu za mu gani ba. Sallar Turawa za mu leƙa."

Turancinsa na aji bakwai ne, kuma ko da an kunna murya ba ya kama maganar da ake yi ta hanci. Saboda haka ya yi abin da ya saba: ya raɗa wa kowa suna, ya sa masa magana a baki.

"Wannan shi ne Maigida Tumbi. Ya sayo itace ya fi ƙofarsa girma. Ga uwargida tana cewa, 'Malam, ban ce maka ka auna ba?' Shi kuma yana cewa, 'Yi shiru, arha na samu.'"

Maigida Tumbi ya tura itacen, itacen ya turo shi, ya zauna daɓas cikin fari. Dariya ta tashi har daga bayan katangu.

"To me zai yi da itace a ɗaki?" wani ya tambaya.

"Ado ne, kamar yadda kake shafe ɗakinka da farar ƙasa."

"Ni matata ke shafewa!"

Aka ga dangi suna ta isowa da ƙunshe-ƙunshe. Wata tsohuwa ta shigo tana laluben saman kabad da yatsa tana nuna wa matar gida datti. Goggo Cindo ta ce wannan uwar miji ce, ko ba a faɗa ba. Aka fito da talotalo daga murhu ya yi baƙi ƙirin a gefe ɗaya, kafin a gama salati kare ya sure shi ya fita, gidan duka suka bi shi cikin ƙanƙara, Maigida Tumbi a gaba da wuƙa da cokali.

"Ashe su ma namansu yana gudu," in ji wani daga cikin duhu. Dariyar da ta biyo baya ta fi ta ɗazu, kuma wasu suka juya suka dubi wajen zauren. Ilu ma ya duba. Hasken da ya ratsa ƙyallen ya kai har dakalin. Har yanzu babu kowa.

Daga nan fim ɗin ya lafa. An jera kwanuka a kan dogon tebur. Uwargida ta ajiye kwano ɗaya a gaban kujerar da ba mai zama. Maigida Tumbi ya ɗauke ya mayar kabad. Ta juyo ta dawo da shi. Ya sake ɗaukewa ya ɓoye a ƙarƙashin rigarsa, ya faɗo ya gangara. Mutane suka yi dariya, amma ba sosai ba, don kowa ya gane akwai wanda ba ya nan. Ilu ya ce, "Kwanon ɗansu ne. Sun ɓata." Ya sake duban zauren, ya daɗe yana duba, har sai da Manu ya zungure shi.

Da ya maido ido kan ƙyallen, wani saurayi ne a kan hanya. Motarsa ta kafe, ya fito yana tafiya a ƙafa, jaka a hannu, farin abin yana taruwa a gashin kansa har ya zama kamar tsoho. Ya iso ƙofar gidan. Ta taga yana hango fitilu da mutane suna cin abin da kare ya rage. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sauke.

Ilu ya ji muryarsa tana fita daga lasifika kamar ta wani.

"Yana cewa, 'Baba, ni ne. Na san na makara. An aiko mini, na ce bari in gama abin da nake yi. Na ɗauka akwai lokaci. Da na tashi a take, da na same ta. Ba ranar da ba na ganin motar nan tana fita daga tasha. Ban zo in ce ba ni da laifi ba. Na zo ne in tsaya a ƙofa, in an ce in shigo in shigo.'"

Manu ya matso ya raɗa masa, "Kaɗo, bakin yaron nan ba ya motsi."

A kan ƙyallen ƙofa ta buɗe, Maigida Tumbi ya bayyana da tsumma a wuya, ya buɗe baki. Nan fim ɗin ya ƙare. Wutsiyarsa ta shiga kaɗawa a jikin inji, ƙyallen ya koma fari, babu komai a kansa.

"Me tsohon ya ce?" aka yi ta tambaya. "Mai bayani, me ya ce masa?"

"Ban sani ba," in ji Ilu. "Sauran yana Kano."

Manu ya yi maza ya ɗora gwangwani na biyu. Bijimi ya cika ƙyallen da allura a wuya, ya yi tsalle, mutane suka fashe da dariya, makiyaya suka matso gaba. Ilu ya yi bayanin rigakafi kamar yadda aka rubuta masa, bai ƙara ko kalma ba. Ana kiran sallar isha'i suka kashe inji. Jama'a suka watse suna gardama. Wasu suka ce uban zai kore shi, Goggo Cindo ta ce ina, ai ranar Salla ce, kuma ga sanyi.

Manu ya tafi naɗe waya. Ilu ya kwance ƙyallen daga bishiya ta farko, sannan ta biyu. Mutum ɗaya ba ya iya ninke shi, sai an kama masa. Yana shirin kiran Manu sai ya ji an ɗaga ɗaya bakin daga ƙasa.

Malam Ɗantsoho ne, da bargo a kafaɗa. Ya rame fiye da yadda Lauratu ta faɗa. Ilu ya durƙusa da ƙyallen a hannu.

"Baba, barka da yamma."

"Tashi, zai sha ƙasa. Ja."

Suka ja ƙyallen ya miƙe, suka haɗa gefe da gefe. Tsohon ya tako, Ilu ya tako, suka haɗa bakin biyu, suka sake ja da baya.

"Daga cikin zaure ana gani," in ji tsohon. "Sai dai komai a juye. Da hagu suke cin abinci."

"Ta baya ne, Baba."

"Yaron nan ya iya magana. Amma na duba bakinsa, bai motsa ba."

Ilu ya sunkuyar da kai. Suka sake takowa, ƙyallen ya rage tsawo.

"Kuma ka yi kuskure a aikinka. Sa'ad da matar ta fita, mai tumbin da kansa ya ɗauko kwanon ya goge da rigarsa ya mayar gaban kujerar. Kowa ya gani. Kai ba ka faɗa ba."

"Ban gani ba, Baba. Idona yana wani wuri."

"Na ga inda yake."

Ninki na ƙarshe ya kawo su gab da juna, hannun tsohon a kan na Ilu. Ya sakar masa ƙyallen, ya gyara bargonsa.

"Ragon bana ya fi na bara ƙarfi," ya ce. "Ni kuma ban fi na bara ba."

Ya juya ya nufi zaure, ya shiga, bai ja ƙyauren ba.

Manu ya tayar da mota, ya leƙo ta taga. "Kaɗo, hau mu tafi. Gobe sai mu aika Kano su ba mu sauran, mu ji abin da mai tumbi ya ce."

Ilu ya ajiye ƙyallen a bayan mota, a kan gwangwanayen biyu. Sannan ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin kujera.

"In sun aiko ka kalla," ya ce. "Ka zo ka ɗauke ni bayan Salla."