Yatsu Huɗu a Ƙarƙashin Linzami

Ana sauke hoton Kwamanda daga bangon ofis, mai shara ta jingine tsintsiyarta ta tsaya kallo. Mulkin mutumin ya faɗi, an ce a ƙone hotunansa kafin a tashi aiki.

Shekara tara tana goge hoton nan. Ga Kwamanda bisa farin doki, ƙirji a gaba, linzami a hannu ɗaya, sai ka rantse a kan sirdi aka haife shi. Duk wanda ya shigo sai ya rage murya. Alhali mutumin nan ko haniniya ya ji sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Babanta, mai kula da dawakin bariki, shi ya riƙe masa dokin ranar ɗaukar hoton. Aka goge Baba daga cikin hoton, amma mai gogewar ya yi sakaci, yatsu huɗu suka rage a ƙarƙashin linzami.

Baba dai bakinsa ba ya riƙe magana. Ya ba da labarin a shagon aski, aka sha dariya. Kwana uku tsakani mota ta zo ta ɗauke shi, aka kwashe har hotunansa na gida. Ko takalminsa ba a sake gani ba. Yatsun nan su ne kawai abin da ya rage nasa, kullum da safe sai ta gaishe su a zuci.

Ta roƙi mai sito, wanda aka ba aikin ƙona hotunan, ya bar mata wurin yatsun. Ya waiwaya, ya miƙo mata reza, ya ce ta yanki abin da take so ta yi sauri. Ta rufe sauran hoton da tafukanta don ta ga abin da za ta yanka. Ba linzami, ba doki, yatsun sun koma tabo kawai.

Ta ɗauki hoton gaba ɗaya. A bas mutane suka yi ta harararta, wata mata ta yi tsaki ta canza kujera.

Inna tana zaune a tsakar gida fuskar Kwamanda ta riga 'yarta shigowa.

"Shi kika kawo mini gida?"

'Yar ta ɗora yatsa a wurin yatsun Baba. Inna ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Rataya shi ƙasa-ƙasa," in ji ta, "inda hannuna zai kai."